Maganar da Na Sa a Bakin Gambo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Ɗalha zuwa ga ɗana Ilu. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ƙafarka ta huce daga gajiyar hanyar Maska. Allah Ya tsare ka a inda ka sauka, Ya tsare maka bakinka, Ya sa waɗanda ka tarar su zama alheri a gare ka. Ka gaishe mini da kawunka Tanko da mutanen gidansa, ka ƙara yi musu ta'aziyyar mai garinsu, Allah Ya jiƙansa.

Labarin gida ba zan ɓata takarda a kansa ba. Falken da zai miƙa maka ita zai ba ka shi duka, har da wanda bai faru ba.

Ranar da ka tashi na yi maka sallama gajera, har mahaifiyarka ta ce kamar mai sallamar baƙon da ya gundure shi. Ba fushi nake yi ba. Magana ce nake da ita, na kasa fito da ita a gabanta, don ɗan'uwanta ne ya aiko a kai ka kuma murna take yi. Kawunka yana neman sarautar garinsu, shi da ɗan baffansa, an kuwa gaya masa ɗan Malam Ɗalha ya gaji bakin ubansa, shi ya sa yake so ka shirya masa abin da zai faɗa a gaban dattawa. To ga abin da bai gaya maka ba, wataƙila don bai ɗauke shi a bakin komai ba. Maguzawan da ke noma fadamar kudu da garinsu, waɗanda manyansu za su zauna su saurare shi, mutanen garinmu ne. Daga nan suka tashi kana goye a bayan uwarka. Magana ce ta tashe su, kuma ni na shirya ta. Sun san sunana, za su san naka tun kafin ka buɗe baki. Ina tsoron ka shiga gabansu ba da sani ba, ka ƙara a kan abin da na yi.

Kai ka san marigayi mai gari Gambo yana tsoho mai tumbi, yana gyangyaɗi a zaure rawani ya karkace. Ni na san shi siriri kamar kara, yana kora jakuna da auduga zuwa kasuwar Ƙarfi. Tare muka tashi. Da mai garin wancan lokaci ya rasu, mutum biyu suka fito daga gidan sarauta, Gambo da ɗan baffansa Mamman mai rini. Al'adarmu ita ce bayan an gama sadakar mamaci, dattawa su zauna a gindin ceɗiyar ƙofar gidan mai gari: liman, sarkin maƙera, masu unguwanni, da manyan Maguzawa can gefe a kan tabarmarsu. Kowane mai nema ya tashi ya yi maganarsa, ɗayan ya ba shi amsa, dattawa su yi musu tambayoyi, sannan su aika wa hakimi sunan wanda hankalinsu ya kwanta da shi a zo a naɗa. Ina jin a can ma haka ake yi, amma ka bincika ka gaya mini, ina son in san ko su ma suna barin masu neman su amsa wa juna ko kowa da ranarsa.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga karatu a Zazzau ba, kaina ya cika da Larabci har yana zuba. Gambo ya zo ya ce, "Malam, kai ka san ni, in dai jaki ne ko ciniki ba ni da na biyu. Amma in na ga dattawan nan sun zuba mani ido, harshena ya kan zama dutse. Ka shirya mani abin da zan ce."

Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Na ɗauki allo na rubuta masa magana mai tsawo, hamdala kaɗai ta kusa cinye fuska guda, ga labaran sarakunan da suka yi adalci a ƙasashen da ni kaina ban san inda suke ba. Muka zauna a tsakar gidansu tun da hantsi, ina biya masa yana maimaitawa, yana rangaji gaba da baya. Yayarsa Kande tana bayan zana tana kaɗi. Can sai ta ɗaga murya.

"Malam Ɗalha, wa ya sake rasuwa?"

Na ce, "Ba kowa, Yaya."

Ta ce, "To alhamdu lillahi. Na ji tun ɗazu ana ta addu'a, na ce ko in jiƙa gero a yi gumba."

Gambo ya yi dariya har ya kwanta a tabarma. Ni ban yi ba, don ciwo ta yi mini, amma da na koma gida na sake karanta abin da na rubuta sai na ji ashe da gaske zaman makoki ne. Na wanke allon. Ranar kasuwa na bi Gambo Ƙarfi, ban ce masa komai ba, ina saurarensa kawai. Na ji shi yana ciniki, na ji shi yana raba faɗa tsakanin masu jakuna. Sai na gane mutumin nan ya iya magana fiye da ni. Gajeru yake yanka ta. Ya kan fara da tambaya, kuma in zai faɗi abu mai ɗaci sai ya ɗan yi dariya tukuna, wanda ake gaya wa ya haɗiye bai sani ba. Har yau ina mamakin wannan abu, yadda mutum zai iya shawo kan fusatattu a tsakiyar kasuwa, amma da an ce masa tashi ka yi jawabi sai ya nemi aron bakin wani.

Saboda haka kada ka rubuta wa kawunka ko harafi ɗaya sai ka bi shi gona, ka bi shi kasuwa, ka ji yadda yake yi wa barorinsa faɗa da yadda yake lallashin matansa in sun bari ka ji. Daga bakinsa za ka tsinto maganarsa, kai naka kawai ka jera masa ita, ka cire abin da ya yi yawa. Kuma ka nemi wata tsohuwa a gidan wadda ba ta jin kunyar kowa, ka zaunar da ita kusa. Kowane gida akwai ta.

Bayan nan sai gwaji. Mun san Mamman zai amsa wa Gambo, don haka muka ce wani ya zauna a matsayin Mamman a yi gardamar tun a gida. Muka sa ƙanin matar Gambo. Kuskure ne babba. Mutumin nan ya riga ya hango kansa a fada, da Gambo ya ɗan ɗaga murya sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiyarka, ranka shi daɗe." Ranka shi daɗe, ga wanda ko rawanin ba a saya ba! Kullum Gambo ya kayar da shi, kullum mu tashi muna tafi, Gambo ya fara tafiya yana buɗe hammata. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, don na san Mamman na gaske ba haka yake ba, sai dai ban san yadda yake ɗin ba.

Sai na tafi marina. Na tarar da shi a bakin karofi, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu, yana juya zane. Ya san abin da ya kawo ni. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma ya ce, "Zauna, Malam. Ɗebi abin da za ka ɗiba, ka kai mashi da zafinshi."

Na yi ta komawa. Da farko don aiki nake zuwa, daga baya don hirar ta yi mini daɗi. Shi ya nuna mini yadda zane ke fitowa daga baba kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka, na tambaye shi dalili ya ce shi ma tun yana yaro yake jira wani ya gaya masa. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya alkawari, abin da ya fi faɗa shi ne sai mun gani. A nan na gane inda gardamar za ta tsaya, wato a kan ganuwa.

Ka san gefen ganuwarmu na wajen rafi. Kowace damina ruwa sai ya ci gindinta. Tsohon mai gari ya saba kiran gayya a tsakiyar noman firi a je a toshe, lokacin da ciyawa ke tsere da dawa, yinin da ka bar gona sai ka ji shi a rumbu. Kowa yana jin jiki, amma Maguzawa sun fi kowa, don gonakinsu sun fi girma kuma a bayan rafi suke kwana, ganuwar ba ta rufe su ba sai ranar gudu. Na tambayi Mamman me zai yi a kan haka. Ya ce, "Malam, in an ji labarin mahara daga arewa, ganuwa za a gyara ko da dawa tana kuka. In ba a ji ba, a bari sai rani. Wannan ba a hannun mai gari yake ba, ya zan ce ma mutane yana hannuna?"

Na koma na ce wa Gambo daga yau ni ne Mamman. Na zauna yadda yake zama, na ja magana yadda yake ja. Duk abin da Gambo ya kawo sai in warware masa shi a hankali. Aka kai wani wuri ya miƙe, ya cire hula ya yi jifa da ita, ya ce in Mamman nake so in je in shiga karofi in rine. Ya shige cikin gida ya bar ni da Kande tana ƙyaƙyata dariya a bayan zana. Washegari ya aiko mini da fura, muka ci gaba. Daga ranar ya fara iya tsayawa a gaban gardama ba tare da jijiyar wuyansa ta tashi ba.

Kai ma kada ka bar wa kowa wannan aikin. Ka je ka zauna da abokin neman kawunka in zai karɓe ka, ka je da rana ta ƙofar gaba, ka saurare shi har ka iya faɗin hujjarsa fiye da yadda shi zai faɗa. Sannan ka dawo ka zuba wa kawunka ita ba sassauci. Zai yi fushi. Gidansu akwai zuciya, ni da na auri 'yar gidan na fi kowa sani. Gara ya jefar da hula a tsakar gida da ya jefar da ita a gaban liman. Amma ka kula da wani abu da ni ban kula da shi ba: in ka ari bakin abokin gardama har ka ji gaskiya a ciki, wannan gaskiyar ta zama kaya a kanka, ba ka da damar cewa ba ka sani ba.

Ga inda na fi so ka natsu.

Da ranar ta matso na auna dattawa a raina, na ga mutanen cikin gari sun rabu kusan daidai. Maguzawa ba su da baki a naɗi, ba a tambayarsu wa suke so. Amma babu dattijon da zai aika da sunan mutumin da Nomau ya ɓata wa fuska. Nomau shi ne babbansu, rumbunan gidansa kaɗai sun fi na unguwa guda, in shekara ta yi tsanani wurinsa ake zuwa. Na ce a raina duk wanda ya samu Nomau ya samu rawani.

Akwai abin da na taɓa gani a kasuwa. Rikici ya tashi tsakanin Nomau da wani a kan iyakar gona, aka yi ta hayaniya. Sai Nomau ya sauke hauyarsa daga kafaɗa, ya juya ta, ya ɗora tafin hannunsa a kan ruwan ƙarfen, ya faɗi maganarsa da murya ƙasa-ƙasa. Wuri ya yi tsit. Abokin rigimar ya juya ya tafi, magana ta ƙare. Abin ya burge ni matuƙa. Na ce ashe haka mutanen nan ke ba magana nauyi, kamar yadda wani zai bugi ƙirji ko ya ɗaga yatsa. Ni da na dami Mamman da tambayar dalilin shuɗin zane, ni da ba na wuce sabon abu ban tsaya ba, wannan ban tambayi kowa ba. Tun ina yaro nake cin dawarsu, nake zuwa kallon wasanninsu, sai na ɗauka na san su.

Na ce wa Gambo, "In ka zo ƙarshe, ka ce a miƙo maka hauya. Ka juya ta, ka ɗora hannu a kan ƙarfen, ka dubi tabarmar Maguzawa ka ce, muddin rawanin garin nan yana kaina, ba za a kira kowa aikin ganuwa ba tun daga shuka har a gama maimai."

Gambo ya dube ni. Sannan ya ce, "Malam, in labarin mahara ya zo fa?"

Ka ji, shi da kansa ya tambaya. Mai jakuna ya ga ramin, malamin da ya sha zama a marina yana jin amsar daga bakin Mamman shi ya ce masa, "Lokacin ka riga ka zama mai gari, sai a san yadda za a yi." Wannan amsar tawa ita ce abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata.

Ranar ta zo. Mamman ya yi maganarsa a sanyaye, mai ma'ana, wasu dattawa suna gyaɗa kai wasu suna korar ƙuda. Gambo ya tashi ya fara da tambaya kamar yadda ya saba a kasuwa, ya sa liman dariya, ya amsa wa Mamman ba tare da ya hau dokin zuciya ba. Ina gefe ina jin daɗi kamar ni ake yaba. Sai ya ce a miƙo masa hauya. Ya juya ta, ya ɗora hannu, ya faɗi maganar yadda muka shirya, ko kalma bai sauya ba.

Shirun da ya biyo baya ba irin wanda na zata ba ne. Sarkin maƙera, wanda ke zaune kusa da ni, ya ce "Kai!" a hankali, ya sunkuyar da kai ƙasa. Na ɗauka yabo ne. Nomau ya miƙe daga tabarmarsu, abin da bai taɓa yi ba a irin wannan zama, ya dubi Gambo ya daɗe.

Ya ce, "Gambo, ka san abin da ka taɓa?"

Gambo ya waiwayo ya dube ni. Na gyaɗa masa kai.

Ya ce, "Na sani."

Nomau ya koma ya zauna. Liman ya tambayi Mamman ko yana da amsa. Mamman ya ce, "Ni ba ni iya faɗin haka." Aka yi ta gunaguni, wasu suka ce tsoro ne. Kafin la'asar kowa ya san sunan da za a kai wa hakimi.

In kana tsaye a gefe ranar kawunka, kada ka kalli kawunka, ka riga ka san abin da zai ce. Ka kalli fuskokin masu saurare, musamman waɗanda suka san abin da kai ba ka sani ba. Shiru iri-iri ne. Da na juya na tambayi sarkin maƙera me ya sa ya ce kai, da ya gaya mini a take, wataƙila da an samu hanyar gyara tun rawani bai hau ba.

Damina ta farko Gambo ya riƙe alkawari, ta biyu ma haka. Sai aka yi wata shekara ruwa ya yi yawa, ganuwa ta zube ta wajen rafi har jaki zai shiga da kaya. Ana cikin noman firi saƙo ya zo daga hakimi cewa an ga mahara sun nufo kudu, kowane gari ya toshe ɓarakarsa ba jira. Gambo ya sa aka yi shela. Me zai yi? Ko ni ne haka zan yi. Maguzawa suka fito gaba ɗayansu, maza da mata, suka yi aiki fiye da kowa, ba wanda ya ce uffan. Abin da na lura da shi kawai shi ne ba su zo da makaɗansu ba, su da ba sa gayya sai da ganga. Na ce a raina abin ya wuce lafiya.

Suka gama damina, suka yi girbi, suka sussuke. Wata safiya sai ga labari wai ana sauke jinkar rumbuna a bayan rafi. Na tafi da sauri. Na tarar ana ɗaure kaya a kan jakuna, mata suna jera tukwane a cikin raga. Nomau yana tsaye a gindin kukarsu yana nuna abin da za a ɗauka da abin da za a bari.

Na ce, "Nomau, in laifi aka yi maku a ba ku haƙuri. Mai gari zai zo da kansa."

Ya ce, "Ba fushi muke ba, Malam. Ganuwa ta wajaba a gyara, mu ma cikinta muke gudu. Da bai taɓa ƙarfe ba, ko gunaguni ba ka ji daga gare mu."

Na ce, "To mene ne?"

Ya ce, "Mutum ya ɗora hannu bisa ƙarfe ya faɗi magana, ya zo ya tashe ta. Abin da ke biyo bayan haka yana zuwa, ko bana ko baɗi. In ya zo kuwa ba ya tsayawa tambayar gidan wa ne wannan. Muna da ɗiya ƙanana. Ba mu zama kusa."

Sai a lokacin na gane abin da na gani a kasuwa. Rantsuwa ce, mafi girma da suke da ita, wadda mutum ke sa ransa da na mutanensa a ciki, ba a yin ta sai magana ta kai maƙura. Ni kuwa na ɗauke ta na yi wa jawabi ado da ita. Na ce masa ai Gambo Musulmi ne, ƙarfe ba komai ba ne a wurinsa, bai yi nufin rantsuwa ba.

Ya ce, "Shi ya sa na tambaye shi ko ya sani. Ya ce ya sani."

Na buɗe baki in ce ni na gyaɗa masa kai, maganar ta ƙi fita. Ya sa aka ɗauko mini damin dawa ya ce in kai wa mai jego, uwarka ke nan. Muka yi sallama da mutunci. Na tsaya a bakin rafi ina kallonsu har suka shige cikin dogayen ciyayi ta hanyar kudu.

Abin da ya biyo baya shi nake ta juyawa a raina har yau. Babu abin da ya sami Gambo. Aradu ba ta faɗa masa ba, ciwo bai kama shi ba, maharan ma ba su iso mu ba a shekarar. Ya yi ƙiba, ya tsufa, ya mutu a kan shimfiɗarsa. Amma kasuwarmu ta rame, don masu kawo hatsi sun tafi. Maƙera da yawa suka bi su, tunda masu sayen hauya suna can. Gonakin bayan rafi suka koma daji. Da ganuwa ta sake zubewa ba a samu hannun da zai tayar da ita ba, ita ce ɓarakar nan da kuke korar awaki ta ciki kuna yara. Na kai wa liman maganar ya ce ƙaddara ce, kuma na yarda, ba abin da ke faruwa sai da ikon Allah. Duk da haka in na zauna ni kaɗai sai in ce, mutanen nan sun ce wani abu zai sami garin, kuma ga shi ya same shi, ko da yake tafiyarsu ce ta kawo shi. Ban san yadda zan warware wannan ba, na kuma gaji da yi wa kaina gardama a kai. Mamman kuwa ya ci gaba da rininsa, har ya rasu ba wanda ke wuce marina bai tsaya ya gaishe shi ba.

To Ilu, ga abin da nake roƙonka. Kada ka ari al'adar kowa ka sa a maganar kawunka sai ka tambayi masu ita nauyinta. Duk alkawarin da zai yi, ka sa shi ya faɗa maka shi yana tunanin shekarar da ta fi kowace muni. In ya ce maka "in kaza ya faru fa?", ka tsaya nan, wannan tambayar ta fi duk abin da ka shirya. In ya nace sai ka ƙawata masa abin da kai da shi kun san ba zai riƙu ba, ka naɗe tabarmarka ka dawo gida. Uwarka za ta yi fushi, wannan ka bar mini, na saba. Ita tana addu'a ɗan'uwanta ya samu, ina cewa amin. Ni tawa addu'ar ita ce ka fito daga garin nan kana iya komawa.

Kafin duk wannan, ka je fadamar kudu. Na ji Nomau yana nan da rai, idonsa ya yi rauni amma kansa garau. Ka je da rana, ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda za ka gaishe ni, ka gaya masa ɗan wane ne kai kafin wani ya riga ka. Sannan ka faɗa masa abin da na kasa faɗa a gindin kuka: Gambo bai sani ba, ni na shirya maganar, ni na ce ya taɓa hauyar, ni na gyaɗa masa kai. Mutumin ya tafi kabari ana ganinsa mai tashin rantsuwa, ni kuwa ana ce mini Malam.

In ya saurare ka, ka yi masa tambaya ɗaya a madadina. A wurinsu, in aka yi haka, wa ƙarfe yake bi, hannun da ya taɓa shi ko wanda ya sa maganar a baki? Kuma yana tsayawa a kan mutum, ko yana gangarawa ga 'ya'yansa? Ni Musulmi ne, na san ƙarfe ba ya cuta ba ya magani, astagfirullah. Amma tun da ka juya baya ka nufi wajensu ban ci abinci ya yi mini daɗi ba. Ka tambaye shi. Ka rubuto mini abin da ya ce yadda ya faɗe shi, kada ka gyara masa ko kalma.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin baki, naka da na wasu. Ya sa ka kwana lafiya ka tashi lafiya a garin mutane, Ya ba garin kawunka wanda ya fi alheri a gare su, Ya dawo mini da kai ina da rai. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ɗalha